Ɓarawon Ƙararrawar Master Barkat

Sojan da ke ƙofar bariki ya buɗe bayan motar, ya warware dardumar, ya tsaya yana kallon abin da ke ciki.

"Wannan fa, ranka ya daɗe?"

"Tukunyar fure ce," in ji Tanwir Janjuwa, yana share gumi a tsakiyar sanyin Disamba.

Sojan ya ƙwanƙwasa tagullar da farce, ya mayar. A barikin nan na Punjab kusan kowane falo da irinta: kwanson harsashin igwa da aka goge aka cusa furen roba. Bai san wannan ita ce ƙararrawar makarantar bariki ba, wadda yau shekararta talatin da ɗaya a hannun wanda ya sace ta.

Yanzu Tanwir injiniya ne, da furfurarsa da tumbinsa da 'ya'ya uku. Amma yana ɗan shekara sha biyar, duk layin gidajen kurata babu shaiɗani irinsa. Shi ne ya ɗaura wa akuyar kanar hular sajan ya sake ta a filin fareti. Malamai sun sallama shi, ubansa kuwa, wani kofur mai nauyin hannu, ya yi duka har ya gaji.

Ranar da janar ya kawo ziyara aka kwashe ɗalibai zuwa tarbarsa, Tanwir ya ce cikinsa ke ciwo. Yana zaune a inuwa sai ga Nighat, 'yar hedimasta, ta zo wucewa. Ta ɗaga kai ta dubi ƙararrawar da ke rataye a bishiya.

"Namijin da zai iya sauke wannan ba a haife shi a barikin nan ba tukuna," ta ce, ta yi gaba abinta.

Sa'a kuwa ta zo masa har gida. Ga benci a gindin bishiyar, ƙullin igiyar ya saki da jan farko.

Washegari hedimasta, Master Barkat Ali, ya tsaya a gaban layi, sabon kwanso na lilo a bayansa. Bai caje kowa ba, bai ɗaga bulala ba. Cewa kawai ya yi ya kusa gano ɓarawon, kuma ranar da ya kama shi, shi da ubansa tare za su kwashe kayansu daga bariki.

Daga ranar Tanwir ya zama wani mutum. Shi ne farkon zuwa, shi ne a kujerar gaba, shi ne mai share allo, don kada ido ya tsaya a kansa. Tsoro ya sa shi karatu har ya zo na ɗaya, abin da ya ba uwarsa mamaki ta yi sadakar tukunyar shinkafa. Bayan shekaru ya auri Nighat ɗin, bai taɓa gaya mata ba. Kowace sallah kuwa, surukinsa na miƙa masa farantin nama sai ya ce, "Ɓarawon nan yana raye, ɗana. Ina jin haka a jikina."

Bana tsohon ya cika tamanin da biyu, zuciyarsa ta fara gardama, tsofaffin ɗalibai suka shirya taron karrama shi. Tanwir ba ya so mutumin ya mutu da wannan a ransa. Amma ya fi son ƙasa ta tsage ya shige da a ce wanda ke kiransa ɗa na gari ya san shi ne. Shirinsa ya ajiye ta inda za a tsinta, ya koma kujerarsa.

A ƙarƙashin rumfa hira ta yi daɗi. Ana tuna tsallen kwaɗo a kan tsakuwa, da jiniyar atisaye da ke ceton mutum daga jarrabawar lissafi, da samosar kantin da babu komai a ciki sai iska.

"Kai, tumbin nan naka da izinin shiga bariki kuwa?" wani ya tsokani Tanwir. Wani kuma ya ce, "Wai har yau ba a ga ƙararrawar nan ba?"

Dakta Shafkat, wanda ya girme su da aji biyu, ya ƙware da shayi. Wani birgediya mai ritaya ya shiga gyara igiyar takalminsa.

Ana fara jawabai Tanwir ya sulale, ya ɗauko dardumar, ya bi ta bayan azuzuwa zuwa ɗakin ajiya da ke jikin tsohon ofishin hedimasta. Ƙofar a buɗe take. Ya shiga yana haki, ya ɗaga kai.

A kan kanta, kwanson igwa goma sha uku ne a jere, kowanne da takarda a gabansa. Ya karanta sunan Shafkat. Ya karanta na birgediya, da na wani alƙali. A tsakiya akwai gurbi guda babu komai, takardarsa ta yi ja don tsufa, an rubuta Tanwir Janjuwa.

Ya ji ƙarar sanda a bayansa. Master Barkat ne, dafe da kafaɗar Nighat, wadda ta toshe baki da mayafi tana danne dariya.

"Sa ta a gurbinka, ɗana. Kai kaɗai muke jira."

Tanwir ya ɗora kwanson a gurbin, ya juyo ga surukinsa. "Abba Ji, tun yaushe kuka sani?"

"Sani?" in ji tsohon. "Ni na ajiye bencin, ni na sassauta igiyar. Haka nake yi wa duk wanda ya gagari bulala. A shekararka, Nighat na tura, na ce ta faɗi magana ɗaya ta wuce. Auren dai ba ya cikin umarnina."