Magajin Sarkin Tike

Da mahaifinta ya ce a kira masa ɗansa, sai ta matso kusa da shi. Kwana uku ke nan da motar shanu ta kife da yayanta a hanyar Azare, likita kuma ya ce zuciyar tsohon ba za ta ɗauki labarin ba. Marigayin ne namiji na ƙarshe a gidan da ya riƙe sarautar Sarkin Tike, wato shugaban kasuwar dabbobi, tun kakan kakansu.

"Ya tafi kasuwa, Baba."

Ya daɗe yana kallonta.

"Uwata, tun shekaranjiya nake jin masu ta'aziyya a zaure. Kira kawunki ya mayar da rawanin fada, ba mai ɗaura shi kuma. Ke kuma zauna nan, ki faɗa mini ko ya sha wuya."