Ziyarar da Aka Hana Baba Tela

Baba Tela a gidan yari ya tsufa. Da baƙin gashi ya shiga, furfura ta riske shi a kan keken ɗinkin gidan, yana yi wa fursunoni faci, yana rage wa gandirobobi wando. Laifinsa ya amsa tun a kotu, bai taɓa cewa sharri aka yi masa ba. Abu guda ya rage masa a duniya, 'yarsa Auta, wadda take zuwa ziyara tun ana goyonta har ita ma ta zama mai goyo.

Duk jajiberin ziyara sai ya wanke rigarsa ya danne ta a ƙarƙashin katifa don ta miƙe. 'Yan ɗaki su yi ta tsokanarsa.

"Ango, yau kuma ina aka nufa?"

"Inda ba a gayyatar marasa wanka," in ji shi.

Mai ba ku labarin nan a ɗakin ya kwana shekara da shekaru, ya kuma fito da ƙafafunsa da hankalinsa cif. Bai taɓa zama a aji ba, amma abin da idonsa ya gani ba mai gyara masa.

A hankali abu ya fara. Baba Tela ya ɗinke bakin aljihu ruf. Ya yi ta cigiyar almakashi alhali yana hannunsa. Maƙwabcin shimfiɗarsa, wani da ake kira Direba, ya wayi gari tsohon yana kiransa da sunan wani ƙanensa da ya daɗe da rasuwa.

To, 'yan ɗaki suna da dokarsu: ba a kai maganar ɗan'uwa gaban hukuma. Sun kuma san duk wanda aka ce kansa ya taɓu, ɗakin kaɗaici ake jefa shi. Sai suka rufa masa asiri. Direba ya riƙa warware ɗinkin da ya ɓaci, in an zo ƙidaya ya ja shi cikin layi.

Malamin asibiti yakan leƙo jefi-jefi. Ya auna jini, ya duba ido, ya ce, "Baba, ina ke ciwo?"

Baba Tela kuwa gwanin gaisuwa ne. "Lafiya lau, ɗana. Ina gajiya? Yaya iyali? Allah ya yi albarka."

Malamin ya yi dariya ya ce tsohon nan ya fi shi lafiya. Bai tambaye shi wace rana ce yau ba, ko me ya ci da safe, ko sunan jikansa.

Wata safiya aka yi ƙidaya ba Baba Tela. Aka same shi a bakin babbar ƙofa, almakashi a aljihu, yana roƙon a buɗe masa ya ɗauko Auta daga makaranta kafin ruwa ya sauko.

Babban gandiroba ya tara 'yan ɗakin. "Tsohon nan kansa ɗaya kuwa?"

Direba ya tuna ɗakin kaɗaici, ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙalau yake. Ya fi mu duka wayo."

"To, tunda da hankalinsa ya yi, ya san doka."

Aka cire shi daga ɗakin ɗinki, aka hana shi ziyara wata da watanni. Auta ta zo, aka mayar da ita daga ƙofa.

Shi dai bai san an hana shi komai ba. Ranar ziyara ya sa rigarsa miƙaƙƙiya, ya zauna gindin taga yana sauraron sunayen da ake kira.

"Direba, an kira ni?"

"Saura kaɗan, Baba."

Haka har rana ta faɗi, sannan ya tuɓe rigar ya ninke. Da farko yakan ba su labarinta, wushiryarta, da yadda take tafa hannu in tana dariya kamar uwarta. Daga baya labarin ya fara gajarta. Wata ranar ziyara ya dafa gwiwar Direba ya ce, "Ka taɓa ganinta, ko? Doguwa ce ko gajera?"

Direba ya juya fuskarsa bango. Washegari ya karya dokar ɗaki, ya je ya faɗi gaskiya. Aka kawo likita daga waje, ya zauna da tsohon ya yi masa tambayoyi a natse. Ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ya kuma daɗe yana cinsa. Ba ya warkewa, amma ganin na gida a kai a kai shi ne abin da bai kamata a raba shi da shi ba.

Aka ɗage hukuncin. Auta ta zo ta zauna a bayan wayar da ke raba su, ta sa yatsunta a ciki.

"Baba, ni ce."

Ya dube ta da fara'a. "Sannu, baiwar Allah. Ina gajiya? Wa kika zo gani?"

"Baba, Auta ce fa."

"Kin san Auta?" Fuskarsa ta washe. "Don Allah in kin fita ki duba mini ita. Ki ce babanta na nan yana jira, ta daɗe ba ta zo ba."

Ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "To, Baba. Zan gaya mata."

Jama'a, tsohon da ke gidan yari ba jininsa kaɗai ake aunawa ba, a riƙa duba tunaninsa da ƙwaƙwalwarsa kafin a kira ciwo taurin kai. Wanda kuma ya ga alama ya faɗa da wuri, don ɓoye ciwon ɗan'uwa ba rufin asiri ba ne.