Abin da Mataci Bai Kama Ba

Kai da kake rantsuwa ka duba gidanka ba ka ga laifi ba, zauna ka ji labarin wani maƙeri. Saboda zafin wuta, mutumin nan ba ya rabo da jiƙon tsamiya. In ya shigo daga maƙera sai ya ɗiba da moɗa ya sha, ya tsoma moɗar cikin randa ba ɗauraya, ya kora da ruwan sanyi. A gidan akwai mahaifiyarsa, tsohuwar da ba ta shan komai sai ruwan randar nan. Rannan ta ce masa ruwa ya yi tsami. Ya leƙa, ya ga ruwa garau. Shi dai ya san laka kwanciya take yi a gindi, maiƙo tasowa yake yi sama, gari kuwa in an dama shi ruwa ya yi fari, ga shi bai ga ko ɗaya ba. Ya sa aka tace da ƙyalle, ƙyalle ya fito tas. Ya ɗanɗana bai ji komai ba, to harshen da ya wuni cikin tsamiya ina zai ji ta? Sai ya yi dariya ya ce, "Inna, tsufa ne kawai, bakinki ne." Maganar nan ta fi ƙishirwa yi mata ciwo. Ta sake faɗa, ya sake dariya. Daga nan ta kama bakinta, ta koma roƙon ruwa a maƙwabta, ƙarshe ta ɗaure kayanta ta tafi gidan ƙaninsa a wani gari.

Abin da gogan bai sani ba, akwai abin da ba ya kwanciya, ba ya tasowa, narkewa yake yi ya zama jikin ruwan. Ido ba ya ganinsa, mataci ba ya kama shi, har cikin yumɓun randa yake ratsawa. Sai da ya tafi cin kasuwa ya kwana biyu yana shan ruwan wasu, harshensa ya huta. Da ya dawo ya kurɓi na gidansa, nan take ya tofar. Ya tsaya riƙe da moɗa yana duban ɗakin tsohuwa a rufe, kunya da nadama suka rufe shi. Ya bi ta ya durƙusa, ta ce ta yafe, amma ba ta dawo ba.

Hausawa suka ce, ruwa ba ya tsami banza.