Sankarar Nono a Gidan Malam Iliyasu

Me zai sa miji ya ƙi kuɗin ceton matarsa? Tun daga Dawakin Tofa Mati yake juya tambayar, har ya isa gidan yayarsa Zulaihatu bai samu amsa ba.

Duk ƙauye an san sankarar nono ta kama ta. Mijinta Malam Iliyasu, tsohon hedimasta da fanshonsa ya maƙale, kullum cigiyar asibiti mai sauƙi a Masar yake yi.

"Na sa gonata a kasuwa," in ji Mati. "Gobe dillali zai zo."

"Ban yarda ba," in ji Malam.

"Ba don kai na yi ba, Malam. Wai me likita ya ce?"

"Wannan ba zan faɗa ba."

Zulaihatu ta ajiye taɓarya. "Malam, na karɓi 'yan dubiya, na amsa addu'ar da ba tawa ba. Amma gonar ƙanena ba zan ci ba."

Malam ya ɗaga rigarsa. Tsumman da ke ɗaure a ƙirjinsa ya jiƙe da jini.

"Likita ya ce maza ma tana kama su," in ji shi.