Kilo Arba'in da Takwas

"Baba, da ƙugu ake ɗagawa, ba da baya ba!" in ji mai horar da mu a gidan motsa jiki. "Miƙe bayanka, kafa diddige."

Na sake kama mariƙin ƙarfen nan mai kama da buta marar baki. Kilo arba'in da takwas ne, daidai nauyin matata ranar da ƙafafunta suka mutu.

'Yarmu ta ce in wata ya ƙare ban iya ɗaga uwarta daga gado zuwa kujerar wanka ba, za ta tafi da ita gidanta. Shekara hamsin ba mu raba ɗaki ba.

Saura kwana biyu, ƙarfen ko gezau. Na koma gida, na ce a yi ta ta ƙare. Na miƙe bayana, na rungume ta, na yunƙura. Sai ga ta a hannuna, sakayau kamar ƙunshin wanki.

"Tsohuwa, na yi ƙarfi!"

A nan na hango kyanwarmu a ƙarƙashin gado, ta yi ƙiba kamar tulu, tana lashe kwanon abincin matata.

Tsohuwa ta matso bakinta kusa da kunnena. "Malam, kada ka gaya wa yarinyar nan."