Baduku da Fasfon Maƙwabcinsa

Tun ɗazu nake kallonka, ɗan'uwa. Da aka ambaci tafiyar abokin aikinka sai ka ajiye kofin shayinka, har ya huce ba ka ƙara ɗauka ba. Ba zan tambaye ka dalili ba, amma bari in ba ka misalin wasu dukawa biyu.

A wani gari an yi dukawa biyu da suka koyi sana'a a hannun maigida ɗaya. Rumfunansu na jingine da juna, zana ce kawai ta raba su. Babban ya riga ƙaramin riƙe basilla da shekaru, shi ya ma nuna masa yadda ake yanka fata ba tare da an yi asarar gefe ba. Wata shekara suka je tare suka yi fasfo rana ɗaya saboda wata tafiyar saro fata, tafiyar ba ta yiwu ba, kowa ya jefa nasa cikin akwati ya manta. Ana nan sai labari ya zo cewa za a yi baje kolin kayan hannu a wata ƙasa mai nisa, kuma ƙungiyar dukawan garin za ta tura mutum ɗaya. Babban bai yi shakkar shi za a tura ba. Ya ciro fasfonsa ya kai wa wani mai shirya wa mutane tafiya, mutumin ya duba ya ce ƙasar ba ta karɓar baƙo sai fasfonsa na da sauran aƙalla wata shida kafin wa'adinsa ya cika, nasa kuwa ba zai kai ba. Ya je ya sabunta a ɓoye, ko maƙwabcinsa bai gaya wa ba. Ranar da dattawan ƙungiya suka zauna, aka baza jakunkuna da takalma a tabarma, suka jujjuya, suka ja ɗinki, suka shinshina jima, sannan suka zaɓi ƙaramin.

Daga ranar babban bai ƙara jin daɗin tuwo ba. In ƙaramin na buga fata a bayan zana, ji yake kamar a ƙirjinsa ake bugawa. Yakan shiga rumfar ƙaramin da sunan aron zare, ya ɗauki jaka yana neman inda ɗinki ya karkace, bai taɓa samu ba, ya fito ransa ya ƙara ɓaci. Mutane na zuwa taya ƙaramin murna, su biyo ta gabansa su ce ai shi ma abin alfaharinsa ne, tun da shi ya koya masa. Sai ya yi murmushin yaƙe. Abu ɗaya ne ke sanyaya masa zuciya: ya san fasfon maƙwabcinsa tagwayen tsohon nasa ne, kuma ƙaramin bai san dokar wata shida ba, yana ganin muddin ranar da ke rubuce ba ta wuce ba, shi ke nan. Da ya yi shiru, da sai mutumin ya yi sallama da dangi, ya ɗaure kaya, ya isa filin jirgi a mayar da shi gida da jakunkunansa. Ya sha zana wannan dawowar a ransa yana jin daɗi. Amma ganin kunyar wani bai ishe shi ba, kujerar jirgin yake so. Ya lissafa cewa in ya fasa ƙwan yanzu, lokaci ya ƙure, sabuntawa ba za ta samu ba, dole a nemi mai fasfo a hannu, kuma duk ƙungiyar shi kaɗai ne. Sai ya sa rigarsa mai kyau ya tafi gidan shugaban ƙungiya, ya sunkuyar da kai kamar mai baƙin ciki, ya ce ba don komai ya zo ba sai don kada a kunyata garin, sannan ya fayyace masa matsalar fasfon ƙaramin.

Shugaban ya yi masa godiya, amma bai tambaye shi nasa fasfon ba. Washegari da safe ya ɗauki ƙaramin a bayan babur, da takardar gayyata a aljihu, suka nufi ofishin fasfo. Suka yi ta zirga-zirga, aka ɗauki hoto, aka ɗauki zanen yatsu, kafin lokacin neman biza ya wuce sabon fasfo ya fito. Ranar tafiya, da dukawa suka taru a bakin rumfa don rakiya, ƙaramin ya ratsa jama'a ya durƙusa gaban babban, ya riƙe hannunsa da hannu biyu, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Yaya, ba don kai ba da a ƙofar jirgi za a koro ni. Allah ya bar zumunci."

Jama'a suka amsa da amin, dattawa suna ta sa masa albarka, suna cewa irin wannan maƙwabci sai an tona. Shi kuwa ya ce ba komai. Mota ta tashi, ya koma rumfarsa ya zauna kan buzu, sabon fasfonsa na cikin akwati ko hatimi ɗaya babu a jikinsa. Har yau ƙaramin bai san abin da ya kai yayan nasa gidan shugaba ba, duk inda ya zauna sai ya yabe shi.

To ka ji. Ba a banza Hausawa suka ce hassada ga mai rabo taki ce ba.