Mahauci Bai Ga Ɗinki Ba

Labaran, mahaucin kasuwar Batsari, ya iso Safana da la'asar, ya zauna a zauren su Mahfuza yana juya ƙunshin tsire kamar yau ya fara ganin nama.

"Gwaggonka ta zo duba ni," in ji Mahfuza. "Har ta nace sai ta shafa mini magani a ciki. Na ce Allah sarki, tun kafin aure dangin miji suna sona."

Ya sunkuyar da kai. "Ta ce ba ta ga ɗinki ba."

"Au, kai ka aiko ta?"

"Mahfuza, gari ya ɗauka wai ba ƙoda kika je bai wa yayanki Nurain ba, ciki kika je zubarwa. Ni kuma tun ina yaro nake fiɗa. Ban taɓa ciro ƙoda ban tsaga ciki ba."

"Ta cibiya likitoci suka ciro ta, da na'ura. Ni ba akuya ba ce, Labaran."

Ya so ya yi dariya, sai ya ga idonta ya cika da hawaye, ya haɗiye abarsa.

A ƙofar gida, Yaya Nurain, wanda bara ko zama sai an tallafe shi, yana goge babur yana waƙa.

Ta nuna shi da haɓa. "Ga shaidata can. Da ni ka tambaya, da na yafe maka. Amma cikina ka sa aka duba."

Ta zare zoben da ya ba ta, ta ɗora a kan tsiren.

"Ka tafi da su tun da sauran zafi."